Wankan Jegon da Aka Yanke Mini a Kwana Ashirin da Ɗaya

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakacina abin da zan yi salla da shi. Amma haihuwa tara na yi, bakwai suna raye, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Zakirai da wuya a nuna gidan da ban shiga na dafa ruwan jego ba. Saboda haka in na yi magana a kan haihuwa, a saurare ni. Ba zan kira sunan ƙasar da na je ba, domin 'yata tana can har yanzu, takardunta kuma a hannunsu suke. Ƙasa ce dai can gabas mai nisa, wadda in muna sallar asuba su azahar ta riga ta yi musu.

Hadiza ce autata. Mijinta, Malam Nasiru, karatu ne ya kai shi, ita ma ta bi shi ta kama nata. Da cikinta ya tsufa na aika cewa ta taho gida, don haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Aka ce babu hali, in ta fito gurbin karatunta ya tafi. Na ce to, tunda ita ba za ta zo ba, ni zan je in yi mata wankan kwana arba'in kamar yadda na yi wa yayyenta. Wani mai haɗa wa mutane takardun tafiya a birni ya rantse mana cewa bizar da ya samo mini ta wata uku ce. Na yarda da shi, don rubutun da ke ciki da zanen sawun kaza duk ɗaya ne a wurina.

Zangona na farko filin jirginsu ne. Wani kare suka sako, ya zo ya tsaya a kan jakata ya ƙi gaba. Aka kai ni gefe, aka zazzage kayana a kan tebur, mutum uku da safar hannu. Ga busasshen ganyen darbejiya da na yi mako biyu ina shanyawa a inuwa, ga kanwa, ga garin kunu, ga kilishi, ga yajin jego da na daka da hannuna. Kanwar ta fi tayar musu da hankali. Suna jujjuya ta, suna kallona, suna magana ƙasa-ƙasa. Na ga abin zai yi nisa, sai na ɓalli kaɗan na lasa don su ga abin ci ne. Ashe na ƙara ɓata lamarin. Aka kira wani babba, aka kira mai fassara ta waya, ni kuwa ina zaune kamar wadda aka kama da kayan sata. Daga ƙarshe suka riƙe ganyen, suka riƙe kanwar, suka riƙe naman. Yajin kaɗai suka bar mini da garin kunu, shi ma yajin sai da ɗayansu ya shaƙa ya yi ta atishawa har da hawaye. Ban tausaya masa ba.

A bakin ƙofa na tarar da Malam. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, mutane suna ta ratsa mu suna waiwaye. Ya karɓi fasfona ya buɗe, na ga fuskarsa ta canza. Ya mayar mini da shi, ni kuwa ban tambaya ba, don ba a ja wa suruki magana.

Gidansu a hawa na goma sha ɗaya yake. Na ce gida, amma ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, kicin ɗin a jikin falon, banɗakin kuwa in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango. Akurkin kajina ya fi shi sakewa. A nan aka ce ni da surukina za mu zauna. Ni da ko hanya muka haɗa a ƙauye sai ɗayanmu ya ratse, ga mu muna goga kafaɗa wajen ɗibar ruwan alwala. Bawan Allah ba ya iya cin abinci a gabana, sai ya ɗauki kwanonsa ya fita ya zauna a matakalar bene, cikin sanyi. Hadiza tana dariya tana cewa, "Inna, ki ce masa ya shigo mana, nan ba ƙauye ba ne." Na ce, "Ke rufe mini baki. Kunya ba ta san ƙasa ba."

Haihuwar ta yi jinkiri. Kwana takwas na yi ina jira, kullum da hantsi ina rakiyar Hadiza tana tattaki a ƙasan benen. A nan na fara lura da abin da ke damun garin. Shiru ne. Ba shirun dare ba, shirun rana tsaka. Mu a wajenmu gona tana manne da gona, gida yana jin tarin maƙwabcinsa, kuma tun daga fitowar rana yara ne, wannan yana korar akuya daga gyaɗar wani, wancan yana kuka an ƙwace masa rake, uwa tana ƙwala wa wani kira daga bayan danga. Can kuwa ga filin wasa an yi masa fenti ja da kore, ga lilo, iska ce kawai take kaɗa shi. Wata makaranta da ke tsallaken titi, Hadiza ta ce an rufe ta don babu ɗalibai, yanzu tsofaffi ne suke zuwa motsa jiki a ciki.

Wata rana na hango wata matashiya tana turo keken jarirai, an lulluɓe shi da bargo mai kyau. Raina ya yi fari. Na tare ta ina cewa barka, barka, Allah ya raya, na sunkuya na ɗaga bargon. Kare ne a ciki, da riga, da hula. Na ja da baya ina salati. Hadiza ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba sai daga baya.

Da yamma na tambaye ta, ita kuma ta tambayi mijinta, ya amsa yana kallon bango. Ya ce mutanen ƙasar sun daina haihuwa, hukuma kuma hankalinta ya tashi. Ana ba wanda ya haihu kuɗi, ana ba shi kaya, ana roƙo a talabijin, ana liƙa hoton jarirai a jirgin ƙasa. Duk da haka shiru. Na ce ikon Allah. Mu a wajenmu ma'aikatan lafiya ne suke zuwa da hotuna suna cewa a ba da tazara, a rage. Nan kuma ana roƙo a ƙara. Na ɗauka a raina cewa lallai ƙasar da take neman yara haka za ta ɗauki mai jego da mai yi mata hidima kamar ƙwai.

A kwana na tara Hadiza ta sauka, namiji. Asibitin ba ni da abin cewa a kansa, tsaf yake, kuma sun kula da ita. Da aka sallamo mu na ɗaura zani na kama aikin da ya kawo ni. Babu murhu, babu itace, babu garwa. Tukwane huɗu na jera a kan abin girkinsu, in sun tafasa in juye a bokiti in sake ɗorawa. Hadiza ta ce ai famfon banɗaki yana ba da ruwan zafi. Na taɓa na ce wannan ruwan wanke kwano ne, ruwan jego sai ya tafasa. Ganye kuwa, tunda sun ƙwace nawa, na sauka ƙasa na karyo rassa daga wata bishiya da ke bakin ƙofar benen.

Ranar farko ke nan. Tururi ya cika ɗakin, sai wata na'ura da ke manne a rufi ta ɗauki kururuwa, ta sauran benen ma suka amsa. Kafin in ɗaura ɗankwali mai kula da gidan ya iso, yana haki, yana nuna tukwane, yana nuna rassan da ke hannuna. Ashe ya gan ni a na'urar ɗaukar hoto ina karya bishiyar hukuma. Hadiza tana daga banɗaki tana ba shi haƙuri da ɗan yarensu da ta iya, jariri yana tsala kuka, maƙwabta sun leƙo, kowa fuska a ɗaure.

A cikinsu akwai wata tsohuwa 'yar ƙarama, gashinta fari fat, wadda take zaune a hawan da ke ƙasa da namu. Ita ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta cire takalmi ta shigo, ta dubi tukwanen, ta dubi Hadiza, ta dubi jaririn, sai ta juya ta yi wa mai kula da gidan wata magana gajeriya. Ban san me ta ce ba, na dai ga ya sunkuyar da kai ya fita. Bayan kamar awa ɗaya ta dawo da ƙullin wani busasshen ganye mai ƙamshin tazargade, da tukunyar miya ta wani ganyen teku mai santsi. Ta nuna ganyen ta nuna ruwa. Ta nuna miyar ta nuna ƙirjin Hadiza. Na gane ta sarai. Ashe su ma iyayensu sun san mai jego ba ta son sanyi.

Tun daga ranar kullum sai ta hau. Muka sa mata suna Kaka ta Ƙasa. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma sai mu wuni muna hira. Ta ɗanɗani kununa da yaji ta yi ta fifita baki, ni ma na kurɓi miyarta na daure fuska don kada ta ji kunya. Wata rana tana riƙe da jaririn ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna cikinta, wato ɗanta ɗaya. Ta nuna nesa, wato yana babban birni. Ta haɗa yatsu biyu, wato ya yi aure. Sannan ta miƙo mini jaririn, ta buɗe hannayenta biyu babu komai, ta girgiza kai. Hadiza ta ce shekarar ɗan goma sha da aure, shi da matar duk aiki suke yi, sun ce ba su da wuri, ba su da lokaci.

Ranar suna a ƙauye aka yanka rago, mu muka kalla ta waya. Ina ganin tsakar gidana cike da mata, ana ta guɗa, ana raba waina, ni kuwa ga ni a falo da mutum biyar, har da Kaka ta Ƙasa. Aka sa wa yaro Aliyu. Na ce to angona, ka zo a ƙasar da ba ka da abokin kokawa.

Washegari Malam ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce yana da magana. Ya ce, "Inna, mutumin nan na birni ya cuce mu. Bizar ta kwana talatin ce, ba wata uku ba. Tun a filin jirgi na gani, na yi shiru don ina zaton za a ƙara mana cikin sauƙi." Na ƙirga da yatsuna. Ranar da za ta ƙare, Hadiza tana da kwana ashirin da ɗaya da haihuwa. Saura goma sha tara. Na ce, "Kwana goma sha tara ai ba abin da za a hana mutum ba ne. Ƙasar da take roƙon jarirai? Mu je in gaya musu da bakina."

Muka je ofishin da ke kula da baƙi, ni da shi, a jirgin ƙasa, yana tsaye can nesa da ni kamar bai san ni ba. Aka ba mu lamba, muka zauna tun hantsi har bayan azahar. A bangon da ke gabana ga wani ƙaton hoton jariri yana dariya, da rubutu a ƙasa. Na tambayi Malam me aka rubuta. Ya ce wai yara su ne gobenmu.

Wadda ta saurare mu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Hadiza ba. Ba ta yi mini rashin kunya ba, kuma wannan shi ya fi ƙona mini rai, don da ta yi tsiwa da na san inda zan kama. Ta duba takardu, ta danna na'ura, ta sunkuyar da kai, ta yi bayani a hankali. Malam ya ce, "Wai ba za a iya ba. Ana ƙara wa wanda yake kwance a asibiti. Ana kuma barin uwa ta zauna renon jika in ɗan ƙasar ne ya auri 'yarta. Mu kuwa ɗalibai ne, babu gurbin da za a sa ki."

Na ce, "Gaya mata ba aiki na zo nema ba, ba gida na zo nema ba. Ko ƙwayar shinkafarsu ba na so. Ruwa nake dafawa. Gaya mata mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, in ba a gasa shi ba har tsufa tana jin sa. Gaya mata yarinyar nan ba ta da kowa a nan, mijinta yana fita da asuba sai bayan isha'i, kwana uku kacal aka ba shi a wajen karatunsa."

Malam ya yi magana, kalma kamar biyar.

Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da ya auri 'yata. Na ce, "Malam, maganata ta fi haka tsawo."

Ya share gumi, ya sake, wannan karon ya daɗe. Yarinyar ta ce ta fahimta, ta ce akwai gidajen da ake kai masu jego a kula da su, in an biya. Na ce a tambaye ta wa ya kula da uwarta ranar da aka haife ta. Ta ce kakarta ce ta zo daga ƙauye. Na ce ita fa, 'ya'yanta nawa? Ta rufe baki da hannu tana murmushi, ta ce ba ta da ko ɗaya. Ta ce tana fitowa rana ba ta fito ba, tana komawa rana ta faɗi, wa zai riƙe mata?

Na ce, "To ga mai riƙewa ta zo da ƙafarta daga ƙarshen duniya, kun ce ta koma. Wancan jaririn na bango wa yake riƙe muku shi?"

Malam ya fassara, duka, na ga alama. Yarinyar ta haɗa takardun. Ta tura mini fasfona da hannu biyu, ta danna lamba ta gaba.

A hanyar dawowa na yanke shawara zan zauna, su zo su ɗauke ni da tukunya a hannu. Wani ɗan ƙasarmu da ya zo barka ma ya ce in yi zamana kawai, wa zai sani. Amma Malam ya ce shi ya tsaya mini, in na wuce ko kwana ɗaya sunansa ne zai ɓaci, kuma lokacin sabunta takardunsu ya kusa. Na ce takarda ta fi lafiyar matarka? Hadiza ce ta amsa, tana shayarwa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Inna, in aka kore mu, shekara huɗun da muka yi ta tafi a banza. Ki yi haƙuri ki tafi. Ni zan ƙarasa."

Na ce, "Ke za ki ɗaga tukunyar? Da wane bayan?"

Kwanakin da suka rage na kama Kaka ta Ƙasa na koya mata. Na nuna mata yadda ake tsoma ganye a fyaɗa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yadda ake danna mara, yadda ake gwada zafin da gwiwar hannu, safe da yamma. Ta koya da zuciya ɗaya, har tana gyara ɗaurin zanin da na ba ta. Amma ina kallon yadda take shan wahala in ta ɗaga bokiti rabi. Ta girme ni da kusan shekara goma. Ranar da zan tafi na yi wa Hadiza wankan safe, na daɗe ina yi, har ruwan ya huce. Kaka ta Ƙasa ta raka ni bakin titi, ta riƙe hannuna biyu tana magana, ni ma ina tawa.

Na dawo na tarar an gama yankan gero. Mutumin nan na birni kuwa an ce ya tashi daga shagonsa, na bar shi da Allah. Na ci gaba da ƙirga kwanakin jegon daga ɗakina, ranar da arba'in ta cika na dama kunu na raba sadaka, sannan na sa aka kira mini Hadiza.

Na ce, "An gama lafiya?"

Ta ce, "Inna, a ashirin da shida muka tsaya. Ciwon baya ne ya kama Kaka, har sai da ɗanta ya zo ya kai ta asibiti. Ni kuma ba zan iya ɗaga ruwan ga yaro ba." Ta ce mako mai zuwa za ta koma makaranta, Aliyu kuma an samar masa wuri a gidan reno, za a riƙa kai shi da safe.

Na ce a raina bari in sa ta dariya. Na ce, "Ba komai. In za a yi wa angona ƙani, ni da kaina zan je a karanta mini takardar nan baƙi-baƙi kafin in hau jirgi. Kanwa kuma a ɗankwali zan ƙulle ta."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Inna, ba na jin za a yi na biyu. Ba a nan ba dai. Mun yi magana da shi."

Da a ce wata ce ta zo ta gaya mini 'yarta ta faɗi haka, da na ce ta tashi ta je ta ja mata kunne. Na buɗe baki in yi faɗa, sai na rasa ta inda zan fara, domin na ga ɗakin, na ga matakalar, na ga lokacin da mijinta yake dawowa. Yarinyar da ta tashi cikin 'yan'uwa bakwai, wadda tun tana ƙarama take goya 'ya'yan maƙwabta har a ƙwace, shekara huɗu ta ishe su su mai da ita irin nasu. Ba da wa'azi ba, ba da allura ba. Barin ta kawai suka yi ita kaɗai da jariri.

Har yau matan unguwa in sun zo sukan ce, "Inna, an ce a can har biyan mutum ake yi ya haihu, gaskiya ne?" Nakan ce gaskiya ne, ana biya. Sai su ce kai, Hadiza ta ji daɗi, ai sai ta yi ta zubo su. Ni dai nakan ce su taya ta da addu'a, don bayanta yana ciwo in sanyi ya shigo, kuma kwana goma sha huɗu ne ba a yi mata ba.